Tudu da Gulbi: Labarin Ƙasar Zugu a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙasar yammacin Zamfara take a shimfiɗe, da dalilan da suka sa take haka, da kuma irin kalmomin da mazaunanta suka tanada don rarrabe sassanta. Zugu sunan tsohon gari ne da gundumarsa a cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, amma a nan mun are shi don ya game ƙananan hukumomi uku da ke jere a kwarin gulbi ɗaya, wato Anka daga gabas, Bukkuyum a tsakiya, Gummi daga yamma. Dukkan garuruwan uku suna kusa da layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma tsakanin Anka da Gummi tafiyar kimanin kilomita 90 ce. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita 8,000, mutanenta kuwa sun haura rabin miliyan a ƙidayar 2006. Ta fuskar mulki tana cikin Lardin Sakkwato a zamanin Turawa, ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Jihar Zamfara tun 1996.

Abin da muke son kafawa shi ne, wannan ƙasa iyaka ce tsakanin irin dutse biyu, kuma wanda ya gane wannan iyaka zai fahimci dalilin da ya sa rijiyar wani ƙauye take ƙafewa da bazara ta wani ba ta ƙafewa, da dalilin da ya sa zinariya take gabas ambaliya take yamma.

Dutsen gindi da dutsen shimfiɗa

Gabashin ƙasar da kudancinta suna zaune ne bisa tsohon dutsen da masana suke ɗauka a matsayin gindin nahiyar Afirka. Dutse ne mai tauri wanda zafi da matsi suka toya a can cikin ƙasa, kuma babban motsi na ƙarshe da ya lanƙwasa shi ya auku kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A cikinsa akwai zirin wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu. Masana sun raɗa wa waɗannan zirare sunayen garuruwan da suka ratsa: akwai zirin Anka, da na Maru a gabas da shi, da na Zuru a kudu maso yamma. Akwai kuma wata doguwar tsaga da ta tashi daga wajen Anka ta nufi Yawuri, ta ƙetare Kwara har ƙasar Yarbawa.

Inda wannan dutse ya fi tauri, ruwa da iska sun kasa cinye shi, sai ya tsaya a matsayin tsauni ko dogon tudu mai tsakuwa. Inda ya fi taushi kuwa ya ruɓe ya zama ƙasa, aka sami kwari. Wannan ne ya sa matafiyi a kudancin Anka da Bukkuyum yake ta hawa da gangara, tudu na bin kwari, kwari na bin tudu. Ba tsaunuka ne masu tsawo irin na Jos ba. Yawancinsu mutum yana iya hawa ya sauko kafin rana ta yi zafi. Amfaninsu ga tarihi da zaman jama'a ya fi tsawonsu.

Idan aka nausa yamma, wajen Gummi, sai tsohon dutsen ya nitse, wani ya hau kansa. Wannan na biyun yashi ne da tsakuwa da laka waɗanda tsofaffin gulabe suka kwaso daga tuddan gabas suka zube, suka daskare bisa juna shimfiɗa-shimfiɗa. Shi ne gefen babban kwarin da ake kira kwarin Sakkwato, wanda ya zarce har cikin Jamhuriyar Nijar da Mali. Shimfiɗar da take can ƙasa, wadda ta dafa tsohon dutsen kai tsaye, ana kiranta shimfiɗar Gundumi, da sunan dajin nan da ya shahara a tarihin Sakkwato. Kai tudun irin wannan ƙasa sau da yawa a daidaice yake kamar faifai, da hular marmara a bisa, saɓanin tsaunin gabas mai ƙusumbi.

Bambancin ya fi fitowa wajen ruwan sha. Dutsen gindi ba ya tsotsar ruwa. Abin da ake samu a cikinsa sai wanda ya maƙale a ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke bisansa, ko a cikin tsagoginsa. Saboda haka mai haƙar rijiya a can yakan yi gaba kaɗan ya ci karo da dutse, kuma rijiyoyi biyu da ke kusa da juna ɗaya tana iya yin ruwa ɗaya ta ƙi, gwargwadon wadda ta dace da tsaga. Dutsen shimfiɗa kuwa kamar soso yake. Yana shan ruwan damina ya ajiye, ya riƙa sakinsa sannu a hankali. Mai haƙa zai yi nisa kafin ya tarar da ruwa, amma in ya tarar ya huta.

Gulabe biyu

Ƙasar gaba ɗaya ta karkata ne daga gabas zuwa yamma. Wajen Gusau tudun ya haura mita 400 bisa teku, a kwarin Kwara kuwa bai kai mita 200 ba. Don haka duk ruwan da ya zuba a Zugu yamma yake nufa, ta hanyar gulabe biyu.

Na farko shi ne Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Anka da ƙasar Bukkuyum da Gummi, ya shiga ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, sa'an nan ya faɗa Gulbin Kabi kudu maso yamma da Birnin Kabi. A can ƙarshensa ana kiransa Gulbin Gindi. Na biyu shi ne Gulbin Ka, wanda ya bi ta kudu, kusa da iyaka da ƙasar Danko da Wasagu, shi ma ya faɗa Gulbin Kabi dab da inda wannan yake haɗuwa da Kwara. Kowannensu tsawonsa ya kai kimanin kilomita 250. Tuddan da muka ambata su ne suka raba tsakaninsu: ƙoramar da ta gangara arewa ta Zamfara ce, wadda ta gangara kudu ta Ka ce.

A lura da cewa gulbi ɗaya yana iya ɗaukar suna biyu ko uku. Bahaushe bai raɗa wa gulbi suna daga mafari zuwa ƙarshe ba, kamar yadda mai zanen taswira yake yi. Yakan kira shi da sunan ƙasa ko garin da ya ratsa. Ruwan da ake ce wa Gulbin Sakkwato a wani wuri shi ne Gulbin Kabi a gaba. Haka kuma kalmar gulbi kanta ta mutanen yamma ce. Bakano kogi zai ce.

Halin Gulbin Zamfara yana sakewa da sakewar dutsen da yake bi. A gabas, bisa dutsen gindi, gadonsa matsattse ne, gaɓarsa tana da tsayi. Ruwan sama da ya sauka a tudu ba ya samun inda zai nitse, sai ya kwararo gaba ɗaya, gulbi ya cika cikin sa'o'i kaɗan, ya kuma janye da sauri. Da rani sai a tarar da gadon yashi fari fat, da 'yan gurabun ruwa nan da can, mata da makiyaya suna tonon yashi suna ɗiba. Da ya sauka kan dutsen shimfiɗa sai kwarin ya buɗe, gudun ruwa ya ragu, gulbi ya shiga karkace-karkace yana zubar da lakar da ya ɗauko. Nan ne fadama take faɗi, nan ne kuma ake samun tafkunan da gulbi ya bari a tsohuwar hanyarsa. Ruwa yakan daɗe a wannan sashe, domin dutsen da ke ƙarƙashi yana mayar wa gulbi abin da ya sha da damina.

Damina takan faɗi a watan Mayu ko Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma kudu ta fi arewa samun ruwa. Mafi yawansa yana zuba ne a lokacin marka, wato wajen Agusta. To, ruwan da ya zuba a tuddan gabas ya gangara Gulbin Zamfara cikin 'yan kwanaki, a kwarin Gummi yake taruwa. A Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin Gummi, ta raba dubban mutane da muhallinsu. A Satumbar shekarar kuma wani kwalekwale da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetaren gulbi ya kife, mutane da dama suka rasu. Wannan na biyun yana nuna wani abu game da tsarin zaman wurin: gida yana tudu don gudun ruwa, gona tana fadama don neman ruwa, gulbi kuwa yana tsakani, dole a yi fito safe da yamma a daidai lokacin da ya fi haɗari.

Babu wata madatsa mai girman Bakolori a kan Gulbin Zamfara. Ita Bakolori an kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, kuma manoman da ke ƙasa da ita sun ga yadda tare ruwa yake rage cikar da shinkafar fadama ta dogara a kanta. A ganinmu duk mai shawarar datse Gulbin Zamfara don maganin ambaliya ya kamata ya fara auna wannan, domin cikar da take rushe gida ita ce take sabunta lakar gona.

Kalmomin ƙasa

Manomin wannan yanki yana da rabe-raben ƙasa da ba su gaza na littafi ba. Babban rabo shi ne tudu da fadama. A cikin tudu akwai jigawa, ƙasa mai rairayi mai sauƙin huɗa, ta gero da gyaɗa da wake. Akwai jangargari, jar ƙasa mai ɗan nauyi wadda dawa da auduga suke so. Akwai fako, wurin da ya daskare ya ƙi shan ruwa, ko ciyawa ba ta kama shi sosai. Akwai marmara, da tsakuwa, da falale, wato shimfiɗaɗɗen dutsen da ya fito fili, inda ake shanya da sussuka. A fadama kuma akwai laka, da baƙar ƙasa mai darewa da rani, da yashin bakin gulbi. Kowace kalma tana ɗauke da hukunci: abin da za a shuka, da lokacin da za a shuka shi, da irin wahalar da za a sha.

Haka ruwa. Gulbi dabam, ƙorama dabam, rafi dabam. Tafki yana iya shekara, kududdufi kuwa ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwa ya taru a ciki. Mashigi wurin ƙetarewa ne da ƙafa, mashaya wurin shayar da dabbobi, kwazazzabo kuwa aikin zaizaya ne. Itatuwa ma alamu ne ga wanda ya san su: giginya da ɗinya da kanya suna son inda ruwa yake kusa, ƙirya da taura da marke suna jure tudu, sabara da geza kuwa sukan mamaye gonar da ta gaji. Kaɗanya da ɗorawa suna ƙara yawa in an nufi kudu.

Sunayen garuruwa sun adana wannan ilmi. Ba mu ɗauki kamar sauti kaɗai a matsayin hujjar asalin suna ba, don haka za mu tsaya ga waɗanda ma'anarsu take a fili. A ƙasar Gummi akwai Birnin Tudu, da Falale, da Shiyar Rafi. A ƙasar Bukkuyum akwai Yashi. Kalmar shiya ita ce mutanen yamma suke amfani da ita inda Bakano zai ce unguwa. Sai kuma bambancin birni da tunga, wanda ya fi kowanne faɗin tarihi. Birni wuri ne mai ganuwa da sarauta, an kafa shi don a dawwama. Tunga kuwa 'yan bukkoki ne da manoma ko masunta ko mafarauta suka kafa a bakin daji, wataƙila ta girma, wataƙila a tashi. Inda aka ga tungaye sun yi yawa a taswira, kamar Tungar Daji da Tungar Guru, to ƙasa ce da aka shiga daga baya, ana sarar daji.

Akwai abin lura ga masu nazarin karin harshe. A wannan yanki fadama hwadama ce, marka malka ce, garma galma ce, auduga kuwa kaɗa. Sunan ƙauyen 'Yar Galma ke nan, wanda rahotannin Turanci suka dunƙule suka rubuta Yargalma, har ma'anarsa ta ɓace wa mai karatu. Irin wannan ɓarna ta yi yawa a taswirorin da ake koyarwa da su, inda aka zubar da ƙugiyar ɗ da ƙ, aka haɗe kalmomi biyu. Malamin labarin ƙasa da ya fara darasinsa da tambayar yara ma'anar sunan garinsu zai ga sun riga shi sanin rabin darasin.

Tudu da kwari a tarihi

Wani abin mamaki shi ne, tsofaffin cibiyoyin daular Zamfara ba a bakin gulbin da yake ɗauke da sunanta suke ba. Dutsi tana ƙasar Zurmi, Birnin Zamfara kuma yana can arewa wajen Isa. Bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, sai gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura yana yin kudu, har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har yau sarkin Anka ne yake riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Ƙasa mai tudu da daji da gulbi a gaba mafaka ce ga wanda aka kora daga fili, domin dawakin yaƙi ba su sakewa a cikinta.

Sarautun sauran garuruwan biyu su ma suna nuni da inda ƙasar take kallo. Na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum kuwa Sarkin Danko, Danko kuma tana kudu, a ƙasar Zuru. Ke nan Zugu mahaɗa ce tsakanin Hausawan kwarin Sakkwato da al'ummun tuddan kudu, irin su Dakarkari. Kwarin gulbin kuma hanya ce a da: fataken da suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro sukan bi shi zuwa kasuwar Jega, saboda ayari yana bukatar ruwa da ciyawa a kowane zango. Fulani makiyaya su ma tsarin ƙasar suke bi, tudu da damina lokacin da fadama ta cika, fadama da rani bayan an kwashe amfanin gona. Wannan tsari ya yi aiki muddin burtali yana buɗe, mashaya kuma ba a shuka ta ba. Da noman rani ya yaɗu a fadama, aka kuma sare dazuzzuka aka mai da su gonaki, sai wurin da mutum biyu suke amfani da shi bi da bi ya zama suna nemansa lokaci ɗaya. Ba wannan kaɗai ne sanadin satar shanu da hare-haren da suka addabi Zamfara tun wajen 2011 ba, amma yana ciki, kuma dajin da ya ɓoye sarakunan da aka kora a ƙarni na 18 shi ne ya ɓoye 'yan bindiga. Tungaye da yawa sun watse, mutanensu suka koma Anka da sauran manyan garuruwa.

Zinariya da dalma

Tsagogin dutsen gindi da muka ambata a farko ba ruwan rijiya kaɗai suke riƙewa ba. A zamanin da dutsen yake da zafi, ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya bi ta cikinsu ya daskare, ya bar jijiyoyin farin dutsen nan da ake kira ƙanƙara. A cikin waɗannan jijiyoyi zinariya take. An haƙe ta a Lardin Sakkwato tun zamanin Turawa, musamman a shekarun 1930, kafin aikin ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da farashinta ya tashi a duniya bayan 2008 sai mutanen ƙauyuka suka koma ramuka da diga da shebur.

Matsalar ita ce, a wasu jijiyoyin zirin Anka zinariya tana tare da dutsen dalma, wato irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Masu haƙa sukan kawo dutsen cikin gari, a farfasa shi a tsakar gida, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke garin a bakin tafki ko kududdufi. Ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma kuwa jikin ƙaramin yaro ya fi na babba tsotsarta, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara da suke sanƙarewa a wasu ƙauyuka, bincike kuma ya tabbatar da gubar dalma ce. Ƙauyukan da abin ya fi shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yar Galma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka bukaci magani.

Duk waɗannan ƙauyuka bisa dutsen gindi suke. Fadamar Gummi ba ta da irin wannan jijiya. Maganin da aka yi shi ma na ƙasa ne kafin ya zama na asibiti, domin ba shi da amfani a wanke jinin yaro a mai da shi gidan da ya ɗauki gubar. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje da ta hanyoyi, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa, sa'an nan aka ba yara magani. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011, Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai a 2013. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara a Afrilun 2019 saboda rashin tsaro, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024. Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma tarin dutsen da aka niƙa aka zubar a bakin ƙorama, ruwan marka yana kwasarsa ya gangara da shi zuwa Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka, gwargwadon gefen tudun da ramin yake.